Kyamarar Maraɗi da Dariyar Kawu

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. In na je gidan suna a tare ni, in na fita sayen zare a tare ni, hatta matan da nake koya wa ɗinki sai su ajiye almakashi su ce, Maman Nafisa, wai yaya Nijar ɗin take? Wasu kuma ba ƙasar ce ta dame su ba, 'yar kyamarar nan ce da suka ga ina yawo da ita a jaka, suna so su ji inda na samo ta da yadda aka yi na zaɓe ta. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, yau in faro ta kai, gobe in faro ta wutsiya. Shi ya sa na ce bari in zauna in jera shi yadda ya faru.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ɗan'uwa ɗaya ya rage mata a duniya, yayanta Kawu Ɗanjuma. Tun yana saurayi ya bi fataken gyaɗa ya haura Maraɗi, ya yi aure, ya yi gida, ya zama ɗan gari. Da yana da ƙarfi yakan leƙo Malumfashi jefi-jefi, amma rabonsa da zuwa tun ina amarya. Tsufa ya zaunar da shi. Ita kuma Inna hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ko asibitin cikin gari sai an ciccibe ta an sa a Keke. Da waya suke gaisawa, sai kunnen Kawu ya toshe. Sai ka ji Inna tana ɗaga murya tana cewa, Yaya, ni ce Delu, shi kuma yana can yana tambayar wa ke magana. Wata rana bayan an yi irin wannan, ta miƙo min wayar ta juya fuska ga bango. Can ta ce ita dai burinta ta ga fuskarsa kafin ɗayansu ya tafi.

Maganar ta tsaya min a rai. Na gaya wa maigidana, Baban Nafisa, ya ce da an gama cire masara sai mu je. Matsalar ita ce abin ɗaukar hoton. Wayata mai tocila ce, tasa kuma in ta ɗauki mutum sai ka ce ta cikin hayaƙin murhu aka hango shi. Muka je wurin Yohanna mai hoto, mutumin Gozaki, wanda shagonsa ke jikin nawa. Tasa kyamarar ɗaya ce, da ita yake ci da iyalinsa, ga bukukuwa sun kama, ba ta aruwa. Ya ce mu sayi ƙarama irin wadda ake saitawa a danna kawai, ba za ta fi ƙarfin adashina ba in muka yi haƙuri muka duba. Ya ja mana kunne da abu uku. Kada babbar lambar da ake rubutawa a jikin kwali, wadda suke kira megafiksel, ta ruɗe mu. Mu tabbata idon kyamarar yana fitowa waje da gaske in an jawo abu kusa. Sannan duk mai shagon da ya hana mu ɗaukar hoto da ita kafin mu biya, mu yi masa sai anjima.

Mun fara leƙa Funtuwa ranar kasuwa. Akwai su a shagunan kayan wuta, sababbi fil a kwali, amma kuɗinsu ya yi mana nisa. Baban Nafisa ya ce mu bari sai Katsina, tunda dole ta can za mu bi.

Ranar tafiya muka yi sammako. Inna ce ta tsara tsarabar tun daga shimfiɗarta: ƙullin daddawa, rabin buhun masara, da mazarƙwailar Danja, don ta ce tun suna yara Kawu ba ya iya ganin mazarƙwaila ya ɗauke kai. Motar da muka shiga ƙarama ce, an cusa mu huɗu a baya. Kafin mu kai Dayi daddawar nan ta fara gaisawa da kowa. Wani dattijo da ke gaba ya waiwayo ya ce ko wace ce mai wannan kaya, Allah ya yi mata albarka, ta tuna masa da miyar mahaifiyarsa, amma don Allah a sauke gilashi. Aka yi dariya, hira ta ɓarke. Kafin mu kai Gidan Mutum Ɗaya kowa a motar ya san inda za mu da abin da za mu saya, kowa kuma ya ba da shawararsa, har da direba, wanda ya ce shi dai a sayi baƙa, baƙin abu ya fi ƙarko.

A Katsina muka bar kaya wurin wani mai shayi a tasha muka shiga kasuwa. A wani shago aka fito mana da wata ƙatuwar baƙar kyamara mai dogon hanci, irin ta 'yan jarida, ga lamba a jikinta ta ninka duk waɗanda muka gani a Funtuwa, kuɗinta kuma bai kai nasu ba. Baban Nafisa ya rataya ta a wuya, ya dubi kansa a gilashin shagon, na san ta shiga ransa. Ni ma ban ƙi ta ba. Na ce a sa mata batir mu gwada. Mai shagon ya ce batir sai an biya, ai kaya sabo ba a buɗe shi don kallo. Na dubi Baban Nafisa, ya dube ni. Ya murɗa hancin nan, ya ga ko motsi ba ya yi, a manne yake kamar ado. A hankali ya cire igiyar daga wuyansa ya ajiye, ya ce wa mai shagon Allah ya kawo kasuwa. Da muka fito ya ce min, ita dai ta yi kyau a wuya. Muka zaga wasu shagunan ba mu dace ba, ga rana tana yi. Hankalina ya fara tashi, don ina ganin za mu isa gaban Kawu hannu rabbana. Mai shayin da ya riƙe mana kaya ne ya kwantar min da shi. Ya ce ai Maraɗi kayan Kwatano ke sauka kafin su shigo mana, abin da muke nema yana gabanmu.

Daga Katsina zuwa Jibiya ba nisa, daga nan sai iyaka. Ni da ban taɓa fita ƙasar waje ba na zaci zan ga katanga da ƙatuwar ƙofa. Ashe sanda ce a gicciye, da 'yan ofisoshi, da masu canji zaune a inuwa, kuɗin ƙasa biyu a gabansu an danne da duwatsu. Gonar geron da ke wannan gefe ita ce a wancan gefe. A Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, aka ce kowa ya sauko da katinsa na shaida. Wani jandarma dogo, kakinsa a goge kamar yau aka ɗinka, ya karɓi namu ya yi wata magana da Faransanci. Baban Nafisa ya gyara tsayuwa ya mayar masa da Turanci. Suka yi ta yi, wannan bai ji wancan ba. Can sai jandarman ya yi murmushi ya ce, “Malam, mu bar wahalar da kanmu. Ina kuka hito, ina za ku?” Hausa tsantsa, har ta fi tamu gishiri. Da ya ji wurin tsoho za mu, ya ce mu gaishe shi. Na duwan, wato kwastan ɗinsu, ya buɗe jakata ya ga mazarƙwaila, ya tambaya mece ce. Na ɓantara masa ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya ce su rake suka sani, ba su san ana daskarar da shi haka ba. Bai nemi ƙari ba, ni ce na ƙara masa.

Abin da ya fara ba ni dariya a Maraɗi sunan unguwar Kawu ne, wai Zariya. Na ce wa mai tasin da ya ɗauke mu, mun baro Zariya a bayanmu mun zo mun tarar da ita a gabanmu. Ya ce ai ba Zariya kaɗai ba, Katsinar ma ta gaskiya nan take, su ne Katsinawan asali, mu 'yan tsaron gida aka bari. Baban Nafisa ya ce to masu gida su dawo mana, mun gaji da gadi.

Matar Kawu, Iya Hajo, ita ta tarbe mu, 'yar gajeruwar tsohuwa mai murya kamar ta mai shela, don shekarun da ta yi tana magana da kurma sun buɗe mata maƙogwaro. Kawu yana zaure a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, ya daɗe yana kallona, sannan ya kama hannuna ya ce, “Kulu ce? Kin ɗauko goshin Delu.” Ya rame, gemunsa ya yi fari tas, haƙoransa na gaba sun zube. Da aka buɗe tsaraba ya ga mazarƙwaila, bai jira wuƙa ba, ya ɓantara ya sa a kunci yana tsotsa kamar yaro.

Ni aka ba ni ɗakin Iya Hajo, Baban Nafisa aka kai shi shagon samari a ƙofar gida. Ƙasan tsakar gidan yashi ne fari, kullum da safe sai an tankaɗe shi an share, har ka ji kunyar taka shi. Abincinsu gero ne safe da yamma. Mu da muka saba da tuwon masara, na gero ya yi min nauyi da farko, amma furarsu ban taɓa shan irinta ba, nonon kamar a yanka da wuƙa. Da safe sai a kawo wani burodi dogo kamar taɓarya, bayansa da tauri, cikinsa da laushi. Na nemi in yanka shi irin namu, Iya Hajo ta karɓe ta karya shi a gwiwa ta miƙo min. Akwai kuma cuku, nono ne ake busarwa ya zama falle-falle kamar takarda. Na sa haƙori na ji kamar fatar ganga, ashe a shayi ake tsoma shi. Shayin ma nasu daban ne, a 'yan ƙananan kofuna, ana dafa shi hawa-hawa, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, kuma ba a tashi sai an sha duka. Abin da ya fi burge ni gaisuwarsu. Mutum zai tsaya ya tambaye ka lahiyar gida, da gajiya, da zahi, da baƙunta, yana sauraron amsar kuma, ba irin tamu ta kan babur ba.

Washegari muka ɓata safiya wurin gaishe-gaishen dangi, ba mu isa kasuwa ba sai da rana ta take. Muka tarar da layin masu kayan wuta a rufe. Na ce ko rasuwa aka yi. Wani mai kilishi ya ce a'a, hutun rana ne, sai bayan la'asar. A Malumfashi wa zai rufe shago rana tsaka mai saye yana tsaye? Muka zauna a rumfarsa, ya yi ta ba mu ɗanɗano har muka sayi abin da ba mu yi niyya ba. Shi ya nuna mana shagon da za mu jira, ya ce mai shi Isuhu, in dai aparai ce, haka suke kiran kyamara, ba wanda ya kai shi.

Isuhu mutum ne mai matsakaicin shekaru, siriri, ba ya gaggawar magana. Shagonsa bai fi ɗakin girki ba, amma kyamarori ne jere a cikin gilashi, yawancinsu 'yan Kwatano, kowace an goge ta an ɗaura mata igiyarta. Idona ya faɗa kan wata ja, siririya kamar sabulun wanka da ya kusa ƙarewa, tana ƙyalli. Na ji duk duniya ita nake so. Na zaci zai fara da tambayar nawa muka zo da shi, yadda ake yi a gida. Sai ya ce, “Hajiya, wa za ki ɗauka da ita?”

Na ba shi labari tun daga Inna har zuwa Kawu. Ya saurara bai katse ni ba. Sannan ya shiga tambaya: tsohon a ɗaki yake zama ko a waje, baƙi ne ko fari, garinmu wuta tana zama ko tana yawo, hannuna yana rawa in na riƙe abu ko a'a. Da Baban Nafisa ya ce wutarmu baƙuwa ce, takan kwana biyu ba ta leƙo ba, sai Isuhu ya juya cajar jar kyamarar ya nuna mana. Ƙafafunta biyu ne zagayayyu, irin na soket ɗinsu, ba za su shiga namu ba sai da mahaɗi. Batirinta kuma nata ne ita kaɗai, in ya mutu sai an dawo nemansa. Ya jawo wata daga can ƙasa, ruwan toka, mai kumburi a gefe ɗaya kamar ta yi ƙari, fentin kusurwarta ya ɗan goge. Ya buɗe kumburin, sai ga batir biyu irin na rimot, wanda ko a teburin mai sayar da ashana za ka samu. Lambarta ba ta kai ta jar ba. Ya ce in dai ba allon talla za mu buga ba, ta ishe mu har mu yi babban hoto na bango.

Ya kunna su duka biyun ya miƙo mana. Kowace idonta ya fito waje yana juyi, ba irin ta Katsina ba. Ya sa na ɗauki Baban Nafisa a bakin ƙofa, sannan a can cikin lungun shagon inda ba haske. A waje, gaskiya, jar ta fi fitar da launi, kuma ta fi jawo abu daga nesa, har rubutun wata mota da ke tsallaken titi ta karanto. A lungu kuwa bambancin bai fito min sosai a ɗan gilashin bayansu ba. Na ce ni dai ja. Baban Nafisa ya ce shi batirin nan na mai tokar ya kwanta masa. Muka tsaya kowa da tasa.

Isuhu ya tambayi sunan tsohon da muka zo wurinsa. Da ya ji, ya ce ai Alhaji Ɗanjuma mai gyaɗa ba baƙo ba ne a garin, mahaifinsa ma ya yi hulɗa da shi. Sai ya ɗauko leda ya sa kyamarorin duka biyu, ya juya musu harshe daga Faransanci zuwa Turanci, ya sa wa kowace katin ajiye hoto, ya miƙo min.

“Ku tahi da su ku ɗauki Alhaji a inda yake zama. Wadda ta yi, ku riƙe. Wadda ba ta yi ba, ku maido gobe.”

Baban Nafisa ya ciro kuɗi zai ajiye masa ko rabi ne. Ya ce a bari sai an zaɓa, ba a biyan sadakin mata biyu alhali ɗaya za a aura. Muka fito ina rungume da ledar kamar jaririya. Ko sunanmu bai rubuta ba. Har muka isa gida Baban Nafisa yana girgiza kai yana cewa, mutumin da bai taɓa ganinmu ba.

Da safe aka gaya wa Kawu, da ihu da nuni, cewa hotonsa za a kai wa Delu. Nan fa aiki ya tashi. Ya ce sai an ɗauko masa babbar rigarsa ta Salla, aka ɗauko. Ya ce hular ba ita ba ce, aka canzo. Aka fesa turare, kamar hoton zai ɗauki ƙamshi. Mun so ya fito tsakar gida, amma hasken yashin nan yana sa idonsa hawaye, dole muka bar shi a zaure, inda haske ke shigowa ta ƙofa kawai. Ya zauna a kujera, ya ɗora hannaye a gwiwa, ya rufe baki gam don kada a ga giɓinsa, ya haɗe rai kamar alƙalin da za a kawo wa ɓarawo. Ni ina riƙe da ja, Baban Nafisa da mai toka. Muka yi ta ɗauka. In na bar filasha, fuskar Kawu ta yi fari fat, idonsa a rufe. In na kashe, sai rigar ta fito shi ya ɓace a duhu. Na mai tokar sun fi haske, amma duk ɗaya ne, wani tsoho ne mai fushi wanda ni kaina ban sani ba. Na ce a raina, in wannan na kai wa Inna, me na kai mata?

Iya Hajo tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonmu. Sai ta matso ta sunkuya daidai kunnensa ta kwarara murya:

“Alhaji, Delu ta ce har yau ba ta yahe maka jakin da ya zubar da ita a fadama ba!”

Ashe suna yara ya taɓa ɗora Inna a kan jaki mai kayan rake, jakin ya zabura ya juye ta cikin taɓo, ta fito ba a ganin komai sai idanu, amma ba ta saki karan raken da ke hannunta ba. Kawu ya yi kamar bai ji ba. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, bakin nan da ya rufe ya buɗe, ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace, yana nuna ƙofa da yatsa kamar jakin yana nan tsaye. Na danna. Jar kyamarar ta tsaya tana 'yan ƙananan ƙara tana neman saiti, kafin ta yanke shawara Kawu ya sunkuyar da kai yana share ido, sai saman hularsa na samu. Na ji kamar in yi kuka. Sai Baban Nafisa ya juyo min da bayan tasa. Ga Kawu nan, baki buɗe, giɓi a waje, idanu sun ƙanƙance, hasken ƙofa ya kwanta a gefen fuskarsa, har layin tsagen kumatunsa ana gani.

Na mayar da jar cikin leda ban sake waiwayarta ba.

Da Kawu ya ga kansa a ɗan gilashin, ya ce a goge wannan, a kai na mutunci. Iya Hajo ta yi kamar ita ce kurmar. Daga nan ya miƙo hannu ya ce to a nuna masa ta Delu. Duk shirin da muka yi, ba wanda ya tuna cewa shi ma yana da idon da ke jiran gani. Na nuna masa da hannu cewa babu, amma za a aiko. Ya gyaɗa kai, ya ce in gaya mata kada ta daɗe.

Muka koma wurin Isuhu muka biya, ya yi mana ragi ba mu roƙa ba. Ya koya min kashe filasha, da yadda zan manne gwiwar hannuna a jiki kada hoto ya girgiza, ya ce in riƙa cire batir in zan ajiye ta ta daɗe. Ya kuma ce kada mu hau hanya da hotuna a cikin kati kaɗai, kati yakan yi gardama. Da ƙafarsa ya raka mu wurin masu wankin hoto, muka wanke na Kawu da na Iya Hajo da na 'ya'ya da jikoki, har da tsakar gidan da bishiyar dalbejiyar da ke ƙofa. Na dariyar muka sa aka yi shi babba. Na ce zan ɗauki Isuhu shi ma don in nuna a gida, ya ce a'a, shi mai sayarwa ne, bai saba tsayawa a gabanta ba. Sai shagon na ɗauka.

Dawowa ba ta yi wuya ba, sai dai tayar da ta fashe mana bayan Kankiya, muka zauna a gindin wata tsamiya muna cin kilishi har aka gyara. Ko gida ban biya ba, na wuce wurin Inna da ƙurar hanya a ƙafata. Aka tayar da ita aka jingina ta da filo. Na fara miƙa mata na mutuncin, yadda Kawu ya so. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta ce wannan tsohon fa, limamin unguwarsu ne? Sai na ba ta babban. Ta ɗora shi a cinya, ta sa yatsa tana bin gemun, tana bin hular da ta karkace. Hawaye yana zuba tana dariya. Can ta ce, “Yaya ke nan. Haƙoran ne kawai babu.”

Da na gaya mata shi ma ya nemi nata, ta ce a ɗauko mata atamfarta da ke ƙasan akwati, da kwalli. Inna da ko a bikin Nafisa sai da aka yi da gaske ta yarda aka ɗauke ta. Na yi mata wanka, na ɗaura mata ɗankwali, muka zaunar da ita kusa da taga. Na ja mayafi na rufe mata hannun da ya shanye. Har na ɗaga kyamara, sai ta sa hannun dama ta janye mayafin, ta ɗauko na hagun ta ɗora a kan cinya, a fili.

“Bar shi ya gan ni yadda nake,” in ji ta. “Shi ma ai bai ɓoye min bakinsa ba.”

Yohanna ya wanke mana hoton, ya juya kyamarar a hannunsa ya ce mun yi sa'ar saye. Muka ba wani direban Jibiya da Iya Hajo ta yi mana kwatancensa, ya kai har gida.

Ranar da saƙon ya isa, wayata ta yi ƙara ina gefen Inna ina ba ta koko. Iya Hajo ce. Ta ce Alhaji ya ƙwace waya, wai shi zai yi magana. Na kara wa Inna a kunne, amma muryarsa har tsakar gida ana ji. Wannan karon bai tambayi wa ke magana ba. Ya ce, “Delu, ga ki a hannuna. Kin tsufa, yarinya.” Daga nan ya ci gaba, bai tsaya jiran amsa ba, yana ba ta labarin ƙafarsa, da jikokinsa, da mazarƙwailar da ya ɓoye a ƙarƙashin buzu kada yara su gani. Inna ta san ba ya jin ta, amma duk inda ya numfasa sai ta ce, na'am, Yaya. Kokon ya huce a hannuna, suna nan a haka har kuɗin wayar ya ƙare.